Kason Tsakiya

Tun da mijinta ya ce, "Bari in sa takalmi in raka ki," Malama ta san Asabar ɗinta ta tafi.

Aikin kuwa ba wani aiki ba ne. Laftof ce za ta kai wa mai gyara, ya share tsohuwar manhajar da ke tuƙa ta, wadda ta koma sumewa kafin ta buɗe shafi ɗaya, ya zuba mata sabuwa. Babu abin da take so a cikin rumbun ajiyar laftof ɗin, ta riga ta kwashe 'yan takardunta a filashi. Wata cibiyar koyarwa ce ta ba ta aikin ɗaukar darussan lissafi na zango guda a bidiyo, kuma ranar Litinin suke jiran kashin farko. Sun faɗa mata cikin ladabi cewa akwai wani malamin da ke jira idan ita ba ta shirya ba. Wayarta ta cika har wuya, ta ƙi ƙara ɗaukar komai. Abin da take bukata bai wuce na'ura mai rai ba, da wuri mai faɗi da za ta juye darussan ta yanke su. Da ita kaɗai ce, da kafin azahar ta dawo gida.

Amma Tanadi ta aura.

Ba sunansa na yanka ba ne. Abokan aikinsa ne suka laƙaba masa a siton kayan gini inda yake riƙe da makullai, sunan ya bi shi har mahaifiyarsa ta ɗauka. A siton nan kowace kanta da sunanta, kuma kullum akwai kanta guda da yake bari fayau saboda kayan da ba su iso ba. Ko buhunan siminti za su toshe ƙofa, ba mai ɗora ko ƙusa a kanta. A gida ma haka. Rimot na cikin ledarsa. Farantan da aka ba su na aure suna cikin kwali suna jiran wasu baƙi da har yau ba a san su ba, su kuma suna ci a na roba. Mutum ne da bai taɓa cin yau ba sai ya gutsura wa jibi.

Sai kuma ɗakin tsakiya. Gidan hayar nasu falo ne da ɗakin kwana, da wani ɗaki a tsakaninsu wanda ya fi kowanne haske. Makon da suka tare ya yi masa fenti, ya sayo ɗan ƙaramin gado bai ko fito da shi daga kwali ba, ya kulle ƙofar, ya haɗa makullin da na sito. Allah bai ba su haihuwa ba. Sun je asibiti har masu gadi sun san su, shekarun kuma ta daina ƙirgawa. Bai taɓa yi mata gori ba, bai taɓa barin wani nasa ya yi mata ba. Wani lokaci takan ce da ma ya yi, da ta san inda za ta kama faɗan. Yaya za ka yi faɗa da mutumin da jira kawai yake yi?

Don haka a kicin take ɗaukar darasi, allonta jingine da firij. Za ta gyara mayafi ta ce, "To, yara, ku buɗe littafi," ta shiga bayani tiryan-tiryan, sai firjin ya ga dama ya tashi da gurnani, a sake daga farko. Kashe shi kuwa ba ya yiwuwa, Tanadi ya ce kashewa da kunnawa na rage masa kwana.

Shagon mai gyaran yana ƙarƙashin matakalar wani bene mai shaguna, ƙunci kamar aljihu. Fanka ba murfi tana juyawa a kusurwa, wayoyin caji rataye a ƙusa, warin dalma ya cika wurin. Mai Gyara dattijo ne mai furfura a gemu, da tabarau a karan hanci. Ya saurari Malama, ya soka filashinsa, ya danna nan ya danna can, allon laftof ɗin ya kawo tambaya.

"Yauwa, ga inda ake shawara," in ji shi. "Rumbun nan giga ɗari biyar ne. Manhaja ɗaya za a zuba, mutum ɗaya ke aiki da ita. Ko dai a bar ta ta ɗauki rumbun duka, ko a raba biyu, ɗan kaso nata, sauran duka naki. Amfanin rabawar, ko ta mutu gobe, a sake zuba ta ba a taɓa kayanki ba."

"A raba biyun," in ji Malama. "Shi ke nan."

Hannun Mai Gyara na kan linzamin kwamfutar. Saura ƙiris.

"Tsaya tukuna, Malam," in ji Tanadi. Ya jawo kujerar roba da ƙafa ya zauna. "Kana nufin ana iya yanka shi kashi-kashi? Kamar kantoci?"

Ta rufe ido. Ta san muryar nan. Da ita ya taɓa tsayar da kafinta yini guda a kan inda za a kafa ƙusar labule.

"Ana iyawa," in ji Mai Gyara, bawan Allah, bai san ramin da ya faɗa ba.

"Kashi nawa?"

"Yadda kake so. Amma ba a bukata."

"Idan an gama zubawa, ana iya sakewa?"

"Ana iyawa, sai dai aiki ne mai haɗari. Kamar matsar da bango ne da kaya a cikin ɗaki."

"Ka ji ko," in ji Tanadi, ya juyo gare ta fuskarsa na haske. "Tun ran gini ran zane, Malama. Da na bar ki ke kaɗai, da an zuba komai wuri ɗaya kamar kasuwa."

"Maigida, laftof ɗina ce."

"Ai shi ya sa nake so a yi miki daidai."

Daga nan aka buɗe taro. Takardun gida suna bukatar kasonsu, na haya da na asibiti da shaidar makaranta. Hotuna ma nasu daban, kada su cuɗanya da takardu. Sai wani kason na ko-ta-kwana, wanda shi kansa bai san abin da za a sa a ciki ba. Mai Gyara ya yi ƙoƙari, a ba shi haƙƙinsa. Ya bayyana cewa duk wannan folda ke yin sa, ka buɗe folda ka sa mata suna, ta cika ko ta rame ba ruwan kowa.

"Folda tana da bango?" in ji Tanadi.

"Ba ta da shi."

"To ka gani. Kayan da ba bango tsakaninsu rarrafe suke yi. Ka ajiye fenti kusa da fayif yau, ka dawo bayan wata guda ka ga wanda ya ci wurin wani. Ni aikina ke nan."

Mai Gyara ya dubi Malama ta saman tabarau. Ta dubi fanka.

Wata mata ta shigo da waya mai fasasshen gilashi, Mai Gyara ya tashi da saurin wanda aka ceto, ya bar wa Tanadi linzami bayan ya nuna masa inda ake ƙara kaso da inda ake rubuta girmansa. Wannan shi ne kuskurensa na biyu. Tanadi ya gyara zama, ya naɗe hannun riga. A allon akwai doguwar sanda mai nuna rumbun, yana yanka tana canza launi gunduwa-gunduwa. Ya rubuta lamba, ya goge, ya karkata kai ya duba, ya sake rubutawa. Aka kira azahar, ya je ya yi ya dawo da sabon tunani, ya rushe abin da ya gina.

Malama na tsaye, don kujerar ɗaya ce. Ƙafafunta sun yi tsami. Tana tuna darussan da ba ta ɗauka ba, da waɗanda ta ɗauka ba ta yanke ba, da hasken rana da ke barin tagar kicin tun la'asar. Ta cika ta yi fam, amma ba a gaban mutane ba.

"Malam, wannan manhajar," Tanadi ya ɗaga murya, "na ba ta sittin. Ya isa?"

"Zai isa yau," in ji Mai Gyara daga can. "Amma tana girma. Kullum ana aiko mata da ƙari."

"Tana girma?" Sai ka ce an yi masa albishir. "To ai dole a bar mata wurin girma. Ba a fafe gora ranar tafiya."

Ya mayar da ita ɗari. Malama ta ga daga inda ya ciro ƙarin: gunduwar ƙarshe, ta can gefen dama, ta tsuke. Ita ce tata.

Sai a lokacin ta dubi sandar da idon malamar lissafi. Manhaja ɗari. Takardu da hotuna da ko-ta-kwana, a haɗe ɗari. Nata ɗari. A tsakiya kuma ga wata ƙatuwar gunduwa, ɗari biyu cif, ta raba ta da kowa.

"Wannan na tsakiyar fa?"

"Ina zuwa," in ji shi, bai dube ta ba.

"Maigida, darussan zangon nan, da ɗanyensu da yankakkensu, za su ci kusan ɗari uku. Ka ba ni ɗari. Ko rabin zango ba zan kai ba."

"Sai ki riƙa gogewa. Wanda kika miƙa ki goge."

"Sun ce in riƙe komai har ƙarshen shekara, ko za a nemi gyara."

"To a sayi rumbun waje, irin wanda ake jonawa. Malam, kuna da shi?"

"In ajiye kayana a waje, ga ɗari biyu a ciki ba kowa?"

Mai Gyara ya sallami matar ya dawo yana goge hannu da tsumma. Ya dubi allon ya yi ɗan tari. "To, an yanka. Saura sunaye. Kowanne a sa masa suna don a gane shi." Ya karɓi linzamin, yana tambaya Tanadi na faɗa, yana bugawa. Manhaja. Takardu. Hotuna. Ko-ta-kwana. Ya kai kan babbar.

"Wannan fa?"

"Yara," in ji Tanadi.

Mai Gyara ya buga. Haruffa huɗu suka zauna a tsakiyar allon.

"Karatunsu, da hotunansu, da wasannin da ake sa musu," Tanadi ya ci gaba, da muryar mai karanta kayan da ke kan kanta. "Yanzu komai na makaranta a na'ura ake yi. Kuma ina so a kulle shi da lambar sirri, in ana iyawa. Kada a yi ta jefa abubuwa a ciki."

"Ana iyawa," in ji Mai Gyara yana murmushi. "Allah ya raya. Su nawa ne?"

Fankar ta yi ta juyawa. A saman matakala wani ya sauko da gudu, ƙura ta zubo kan tebur.

"Suna tafe," in ji Tanadi.

Idon dattijon ya sauka kan cikinta, ya ɗauke nan take, ya shiga neman wani abu a cikin durowa. Bai yi da mugunta ba, ta sani. Amma kallon nan ta sha shi a wurin biki, ta sha shi a ɗakin malamai, ta sha shi a layin asibiti, ba ta taɓa zaton zai biyo ta har shagon gyaran kwamfuta ba. Kunya ta rufe ta, sannan haushi ya ture kunyar ya zauna.

"Malam," ta ce da Mai Gyara, muryarta a daidaice, "idan nawa ya cika, zan iya ɗiba daga wannan?"

"To... in an kulle shi, ba ki da hanyar shiga. Matsar da bangon kuma, na faɗa, akwai haɗari. Ga shi a tsakiya yake, duk wanda zai motsa sai ya taɓa shi."

"Ba ma za a taɓa shi ba," in ji Tanadi.

"Malam, ko za ka ba mu wuri kaɗan?"

Dattijon bai jira an maimaita ba. Ya ce da ma zai je ya karɓo wata waya a sama, ya fita har yana tuntuɓe da bakin ƙofa.

Ta juyo. Ba ta ɗaga murya ba, shagunan maƙwabta katako ne kawai ya raba su.

"Ka kulle musu ɗaki, na yi shiru. Ɗakin da ya fi kowanne taga. Ni ina gindin firij ina koyar da 'ya'yan mutane, ina sake darasi ɗaya har muryata ta dushe, ban ce maka komai ba. Yanzu abu ɗaya da yake nawa, na aikina, ka biyo ni ciki ka gina musu wani ɗakin, ka sa kwaɗo, ka tura ni lungu."

"Malama, ba tura ki na yi ba. Na ba ki ɗari."

"Ka ba su ɗari biyu. Su wa? Me za su ajiye ranar Litinin? Ni ce nake da Litinin, Maigida. Ni ce na zo. Shekara da shekaru ina nan a gabanka, kana leƙa bayana kana duba hanya."

Ya kalli allon. Ta zaci zai kawo wani karin maganar, ta shirya masa. Amma da ya buɗe baki, muryar ba ta sito ba ce.

"A wurinmu, in ka ware wa kaya kanta, sai ka ɗora wasu a kai, ka soke odar ke nan. Ko ba ka faɗa ba, kowa ya san ka daina jira." "Ni ban soke ba."

"Ni na ce ka soke? In Allah ya kawo su, a kan kanta za su sauka? Za su tsaya a ƙofa su ce ba su shiga sai an nuna musu giga ɗari biyu?"

Ya miƙe, ya mayar da kujerar daidai inda ya ɗauko ta, don ko a cikin fushi ba ya barin abu ba a wurinsa ba. "Na'urarki ce," ya ce. "Ki yi yadda kika ga dama." Ya fita.

Wannan ya fi komai ƙona mata rai. Tun safe take cewa tata ce bai ji ba, sai yanzu da aka zo wurin rushewa ya tuna. Shi ya gina, ita za ta rushe, gobe a ce ita ce ta soke.

Mai Gyara ya leƙo, ya ga ita kaɗai, ya shigo a hankali ba waya a hannunsa.

"A mayar da shi biyu," in ji ta. "Ɗari na manhaja, sauran nawa."

"To. Ki zauna, ke za ki fi sanin wanda za a cire. Ki danna kansa, sai ki danna wannan alamar."

Ta zauna. Takardu ya tafi. Hotuna ya tafi. Ko-ta-kwana ta cire shi har da ɗan jin daɗi. Ta kai kibiyar kan na tsakiya ta danna, sai wani ɗan akwati ya fito yana tambaya ko ta tabbata tana so a cire Yara.

Hannunta ya tsaya.

"Babu komai a ciki," in ji Mai Gyara a hankali, yana kallon bango. "Ba a ma rubuta shi a rumbun ba tukuna. Zane ne kawai."

"Na sani."

Ta sani sarai. Ita ce ta gama faɗa yanzun nan. Amma yatsan ya ƙi, kuma ta ji haushin yatsan, ta ji haushin na'urar da ke tambayar mutum abin da bai shafe ta ba. Ashe duk shekarun nan da take hararar ƙofar ɗakin tsakiya, wani abu a cikinta yana jin daɗin ganinta a kulle. Shi ke jiran a fili, ita tana jingine da jiransa tana gunaguni. Ta tsani gane hakan, a kan kujerar roba, a ƙarƙashin matakala, ga baƙo a tsaye.

Ta tuna Litinin, da malamin da ke jira. Ta danna.

Sandar ta koma launi biyu. Mai Gyara ya karɓa ya ƙarasa, manhajar ta fara zuba kanta, wani siririn layi na tafiya daga hagu zuwa dama. Abin da ya ci musu yini, kafin ta gama shan ruwan da ya miƙo mata ya ƙare.

Ta tarar da Tanadi a bakin titi, a inuwar wani shagon tayoyi, hannuwansa a baya. Ya karɓi jakar laftof ɗin ya rataya, kamar yadda ya saba. Suka bi gefen kwalta, masu babur na yi musu oda suna wucewa. Sai da suka wuce gidan mai sannan ya yi magana.

"Kin cire?"

"Na cire."

"Na'urar ta tambaye ki ko kin tabbata? Na ga tana tambaya."

"Ta tambaya."

"Me kika ce?"

"Ba a cewa komai. Dannawa ake yi."

Ya gyaɗa kai. Suka ƙarasa gida.

Ba ta ko cire mayafi ba ta jona wayar. Darussan suka kwarara cikin laftof ɗin, wayar ta yi numfashi, rumbun kuma ko gezau. Ya kamata ta ji daɗi, ta kuwa ji, amma daɗin na da ɗaci a ƙasansa. Ta shiga kicin, ta jingina allon da firij, ta kafa wayar a kan gwangwanin madara. Hasken taga ya riga ya fara ja da baya. Ta rubuta lissafin farko, ta yi gaisuwa, ta shiga bayani. Tana tsakiyar raba lamba, firjin ya yi tari ya kama gurnani.

Ta tsayar da ɗauka. Ta dafa allon da hannu biyu ta sunkuyar da kai. Ba ta zagi firjin ba, ko da yake ya cancanta.

Ta ji ƙarar makullai a bayanta. Tarin makullan sito ne, Tanadi yana juya su ɗaya bayan ɗaya a tsaye a ƙofar kicin. Sai ya wuce. Ta ji kwaɗo ya yi gardama, sannan ya sallama, ƙofa ta yi ƙara. Ya dawo ya ɗauki allonta ya fita da shi, ita kuma ta bi shi da wayar a hannu.

Ɗakin na warin rufi da tsohon fenti. Ya zuge labule, hasken la'asar ya shigo ya cika shi har kusurwa. Ba ƙura sosai, sai a lokacin ta gane yana shiga yana sharewa in ba ta nan. Kwalin gadon na tsakar ɗaki. Bai fitar da shi ba. Ya tura shi jikin bango, ya kwantar, ya ɗora allon a kai ya jingina. Ya ja da baya ya duba, ya matsar da shi ɗan kaɗan zuwa hagu.

"Aro ne," ya ce.

"Na ji."

"Ba kyauta ba. In an tashi bukata..."

"Maigida, na ce na ji."

"Kuma kada a buga ƙusa a bango."

Ta dube shi. Da akwai abin jifa a kusa, da ta jefe shi, da kuma ta san yadda ake rungumar mutum ana jin haushinsa, da ta yi. Ta ɗauko kujera ta kafa wayar. Allon ya zauna daidai tsayinta. Babu gurnani, babu komai, sai ƙarar wata mota can nesa. Shi kuma bai tafi ba, ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da makullansa, wai yana duba ko hasken ya isa.

Ta gyara mayafi, ta danna ɗauka, ta fuskanci wayar.

"To, yara," ta ce.

Ɗakin ba kaya, sai ya dawo mata da muryarta. Ba ta taɓa jin kalmar da ƙarfi haka ba. Ta buɗe baki ta ce su buɗe littafi, maganar ta ƙi fita. A bakin ƙofa makullan sun daina motsi. Ta tsaya haka, alli a hannu, wayar na ta ɗauka, tana ɗaukar mace a gaban allo ba ta cewa komai, da gefen kafaɗar wani mutum da ya juya fuskarsa ga bango.

Da ta samu kanta, ta share ido da bakin mayafi, ta tsayar, ta sake daga farko. Wannan karon ta kai ƙarshe ba tangarɗa, ta ɗauki na biyu, ta ɗauki na uku kafin hasken ya tafi.

Da ta zo juyewa a laftof, ga ɓataccen nan a farkon layi. A kicin, irinsa ko kallo ba ta yi, gogewa take don ta samu wurin na gaba. Ta kai kibiyar kansa, ta daɗe.

Ta bar shi. Akwai wuri.